Jarkokin Mai a Wani Gida a Gombe: Yadda Aka Raba Fetur da Kananzir da Gas

Gidan da abin da ake ƙonawa a cikinsa

Gidan yana ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin garin Gombe, gida ne na gado mai zaure da tsakar gida da sassa uku. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, yana kuma noman shinkafa na rani a yankin Dadin Kowa, inda ruwan kogin Gongola ke raya gonaki bayan ɗaukewar damina. Ƙanensa yana da injin niƙa a shagon da ke ƙofar gida. A ciki akwai matan maigida biyu da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa wadda ta manyanta, da wani almajiri da yake yi musu aike. Bayanan da ke nan daga bakin waɗannan mutane suka fito.

Mai iri huɗu ake amfani da shi a gidan. Akwai fetur zalla na babur da na injin ban-ruwa. Akwai fetur da ake haɗawa da baƙin mai domin ƙaramin janareta ƙirar Tiger, wanda ba shi da ma'ajiyar baƙin mai tasa, sai dai a gauraya masa kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Akwai man dizal, wanda aka fi kira gas, na injin niƙa. Sai kananzir na risho da hura gawayi da fitilar ƙwai ta tsohuwa, wadda ba ta yarda da kowace irin fitila ba sai ita. A da, dukan waɗannan ana zuba su ne a jarkokin man girki da suka ƙare, masu ruwan ɗorawa, masu cin lita 20 ko 25, irin waɗanda 'yan ga-ruwa ke kawo ruwan sha a cikinsu zuwa wannan gida kullum safiya.

Yunin 2023: an fara ajiya

Kafin wannan lokaci babu wata ajiyar mai ta a-zo-a-gani a gidan. Wanda yake bukata sai ya ɗauki galan ya je gidan mai ko wurin 'yan bumburutu, ya sayo na kwana ɗaya ko biyu. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuma litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Daga nan maigida ya ga cewa duk man da bai saya yau ba gobe zai fi tsada, sai ya riƙa cika jarkoki idan an yi albashi. Ƙanensa ma ya yi haka da gas. Kafin ƙarshen damina jarkokin mai sun kai bakwai, an jera su a wani ɗan sito da ke tsakanin zaure da madafi, ba taga, ba ƙwan lantarki, tare da buhunan takin zamani da tsofaffin tabarmi.

Babu wata alama a jikin ko ɗaya. Maigida da ƙanensa suna gane su ne ta wurin da kowa ya ajiye tasa, da kuma nauyi, domin cikakkiyar jarka mai lita 20 ta fetur ba ta wuce kilo 15 da ɗoriya kaɗan, ta gas tana kusan kilo 17, ta ruwa kuwa kilo 20. Wannan sani yana aiki ne ga jarkar da ke cike da kuma hannun da ya saba. Idan an taɓa man ya koma rabi, ko aka aiki yaro, babu sauran abin dogaro sai shinshina, a ɗakin da komai na cikinsa ya riga ya ɗauki warin mai.

Disambar 2023: gas a injin ban-ruwa

Da asubahin wata Asabar, cikin sanyin hunturu, babban ɗan maigida ya ɗauki jarka daga sito ya ɗaure a babur zuwa gona. A ranar da ta gabata an share siton, an matsar da jarkokin an mayar da su ba bisa jerinsu na da ba. Abin da ya ɗauka gas ne. Da aka zuba a injin ban-ruwa ya tashi da sauran fetur ɗin da ke cikin kafireto, ya yi ta fitar da farin hayaƙi, ya shiga tari, sannan ya mutu, ja duk ja bai sake tashi ba. Dalili shi ne injin fetur da tartsatsin fulogi yake kunna tururin mai, gas kuwa ba ya zama tururi cikin sauƙi, sai ya jiƙe fulogin ya kashe tartsatsin.

Bakanike ya tsiyaye tankin, ya wanke kafireto, ya sauya fulogi da baƙin mai. Injin ya dawo aiki, sai dai shinkafar da ba a daɗe da dasawa ba ta kwana uku ba ban-ruwa, gefen da ya fi tudu ya yi yaushi. Bakaniken ya ja hankalin maigida cewa da abin ya juya, fetur ya shiga injin niƙa, da asarar ta fi haka, domin gas ne ke shafa wa famfon mai da nozul maiƙo, fetur kuwa wanke wannan maiƙon yake yi, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Janairu zuwa Fabrairun 2024: rubutu a jikin jarka

Matakin farko shi ne wanda kowa zai fara tunani. An sayi alƙalamin maka aka rubuta sunan kowane mai a gefen jarkarsa, wasu kuma aka manna musu takarda da salatif. Cikin makonni kaɗan rubutun ya fara tafiya. Duk lokacin da aka tsiyaya mai sai ɗan kaɗan ya gangaro ta gefe, fetur kuwa yana narkar da tawadar maka, kananzir da gas suna cin gam ɗin salatif, ƙurar hunturu ta zo ta like a kan maiƙon ta rufe abin da ya saura. Rubutun kuma a gefe ɗaya yake, idan jarka ta juya fuskarta ga bango ta koma kamar sauran. Tsohuwa da amarya ba su yi boko ba, almajirin da aka fi aika siton kuwa ajami yake karantawa.

A watan Fabrairu aka sami kuskure na biyu, kuma a jarkar da rubutunta bai goge ba. Jarka biyu ne aka rubuta wa fetur, ɗaya zalla ɗaya haɗi. Da magariba aka ce almajiri ya zuba wa janareta mai, ya tambayi ɗaya daga cikin yaran wace ce ta fetur, aka nuna masa wadda ta fi kusa. Janaretan ya yi aiki a daren da fetur zalla, ba digon baƙin mai, har fistin ya yi zafi ya cije. Sai da aka sauya fistin da ringi. Ba wanda ya saɓa wa abin da aka rubuta, rubutun ne bai bambanta abin da ya kamata ya bambanta ba.

Maris 2024: launi a kan murfi

Ƙanen maigida ya kawo shawarar a bar rubutu a koma launi, tunda launi ba ya bukatar karatu. Aka shafa wa murafan fenti: ja na fetur, kore na haɗi, shuɗi na kananzir, na gas aka bar shi yadda yake. An zaɓi murfi ne saboda shi ake fara gani daga sama, kuma mai ba ya gangarowa ta kansa. Na ɗan lokaci abin ya yi kyau.

Matsalar ita ce bakin jarkokin duk ɗaya ne, kowane murfi yana hawa kowace jarka. A gidan mai ana buɗe jarka biyu ko uku a lokaci guda, a ajiye murafan a ƙasa, mai bayar da mai yana sauri, na bayan layi suna ƙorafi, sai a mayar da duk wanda hannu ya kai kansa. A gida kuma idan murfin jarkar ruwa ya ɓata sai a ciro na wata jarkar mai da ta ƙare. Kafin wata ya cika an ga jan murfi a kan jarkar ruwan wanka. Mazurari kuwa guda ɗaya ne tak a gidan, shi ke yawo daga fetur zuwa gas zuwa kananzir, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa a matsayin abin damuwa.

Mayun 2024: fitila ta kama

A ƙarshen Afrilun 2024 aka lalata wasu turakun babban layin wutar lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe, sai garin Gombe da maƙwabtan jihohi suka shiga duhu na makonni a tsakiyar zafin bazara, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Bukatar mai ta ƙaru a gidan ta kowace fuska. Janareta yana aiki kowane dare, injin niƙa ba ya hutawa saboda masu niƙa da lantarki sun tsaya, kananzir kuma ya yi saurin ƙarewa.

A cikin wannan hali wata maƙwabciya ta ari jarkar kananzir ba ta dawo da ita ba. Da za a sayo wani, uwargida ta shiga sito ta girgiza jarkoki, ta sami wadda ta ji kamar babu komai a ciki, ta ɗora mata shuɗin murfin da ya rage ta ba almajiri. Jarkar fetur ce, kuma irin waɗannan jarkoki ba sa tsiyayewa ƙarƙaf, kullum akwai saura a kusurwar gindi da ƙarƙashin mariƙi. A kan wannan sauran aka zuba lita 3 ta kananzir.

Da daddare wata yarinya 'yar shekara 12 ta je zuba wa kakarta mai a fitila. Fitilar ba ta daɗe da mutuwa ba, ƙarfenta da sauran zafi. Ta cika ta, ta ɗaga ƙwai, ta ƙyasta ashana, wuta ta tashi gaba ɗaya daga bakin tankin maimakon ta tsaya a kan lagwani. Ta saki fitilar, man ya malale a kan siminti yana ci, ya lashi hannunta na dama da bakin zanenta. Ƙanen maigida ne ya rufe wutar da jiƙaƙƙen buhu ya bi da ƙasa. Da an watsa ruwa da man ya hau kansa ya bi shi zuwa ƙofar siton, wanda tazararsa ba ta fi taku shida ba, kuma a daren akwai fetur sama da lita 40 a ciki. An yi ta kwarara wa hannun yarinyar ruwa na kimanin minti 20, aka hana shafa mata ɗanyen ƙwai da man goge baki da wasu suka kawo shawara, sannan aka kai ta asibiti. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, ta warke cikin makonni uku da ɗan tabo a bayan hannu.

Abin da ya faru yana da bayani. Kowane mai yana da zafin da yake fara fitar da tururin da zai kama wuta. Na kananzir yana farawa daga kusan digiri 38, na gas sama da digiri 50, shi ya sa a fitila kananzir ke ci a kan lagwani kawai. Fetur kuwa yana fitar da wannan tururi tun daga kusan digiri 40 ƙasa da sifiri, ma'ana a kowane yanayi na ƙasar nan a shirye yake ya kama. Ɗan kaɗan daga cikinsa idan ya gauraya da kananzir ya isa ya cika sararin da ke cikin tankin fitila da tururi mai jiran ashana. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya bi daɓe kamar ruwa, har ya iske garwashi a madafi ba wanda ya gan shi.

Yunin 2024: sabon tsari

Bayan sallar Juma'a maigida ya tara mutanen gidan a zaure, har da almajiri, aka fito da jarkokin duka tsakar gida. Duk wadda ba a tabbatar da abin da ke cikinta ba aka ware ta aka kai wa bakanike. Tsofaffin jarkoki masu ruwan ɗorawa da suka taɓa ɗaukar mai aka huda gindinsu bayan sun sha iska, domin kada wata rana su koma na ruwa. Daga ranar ruwan ɗorawa ya zama na ruwan sha da wanka kaɗai. A Amurka al'adar da aka saba ita ce ja na fetur, ruwan ɗorawa na dizal, shuɗi na kananzir, amma a garin da kowace jarkar ruwa ruwan ɗorawa ce ba zai yiwu a bar wa gas wannan launi ba.

Fetur zalla ya koma jarkar ƙarfe mai lita 20, irin ta sojoji, aka shafe ta da jan fenti daga sama har ƙasa. Murfinta a manne yake da jikinta, ba ya cirewa balle ya yi yawo. Haɗin janareta ya koma galan mai lita 4 kore, ana haɗa shi a ciki da gwangwanin awo mai mililita 80 da aka ɗaure a mariƙinsa, kuma ba a haɗa fiye da galan ɗaya a lokaci guda. Kananzir ya sami shuɗiyar jarka mai lita 5. Gas ya koma baƙar jarka mai lita 25, aka fitar da ita daga cikin gida gaba ɗaya zuwa shagon niƙa, inda ba mai taɓa ta sai mai injin. Da wannan kowane mai ya sami mazubi mai girma da siffa da launi nasa, ta yadda hannu ma zai gane shi a cikin duhu.

Maimakon rubutu a jikin roba, wani maƙeri ya yanko ƙananan alluna daga falankin alminiyam, ya buga sunan kowane mai da ƙusa, boko a fuska ɗaya, ajami a ɗaya fuskar, aka ɗaure su da waya a mariƙi. Rubutun huji ne, mai ba ya goge shi, ƙura ba ta rufe shi. A allon haɗi an ƙara kalmar janareta. Murafan roba aka ɗaure kowanne da igiya a jikin jarkarsa. Aka sayi mazurari uku, kowanne da launin mansa, aka rataye shi kusa da jarkarsa.

Wurin ajiya ma ya sauya. An gina ɗan ƙaramin ɗaki na bulo a bangon baya, nesa da madafi da ɗakunan kwana da wurin da janareta ke aiki, a inuwar bishiyar darbejiya, da ramukan shan iska sama da ƙasa, da ƙyaure mai kwaɗo. Fetur da haɗi ne kawai a ciki, da bokitin yashi a bakin ƙofa. Kananzir yana wani wuri dabam, a kan kanta mai tsawo a sashen uwargida. An rage yawan ajiyar fetur zuwa jarka ɗaya, an daina cika ta har wuya, ana barin sararin yatsu huɗu saboda mai yana kumbura da zafi, ana kuma rubuta ranar sayowa da alli a bango, tunda fetur idan ya yi watanni yana lalacewa ya toshe kafireto.

Sai dokoki uku da aka faɗa a gaban kowa. Jarkar mai ba a ara, ba a aro, ko da babu komai a cikinta. Ba a zuba wa fitila ko risho ko janareta mai sai ya mutu ya huce. Ba a zuba kowane irin mai a robar ruwa ko kwalbar lemo. Wannan ta ƙarshe amarya ce ta kawo ta, saboda akwai masu rarrafe a gidan, kananzir kuma a roba kamar ruwa yake. An gaya wa mata cewa idan yaro ya sha kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin haɗarin yana ga man ya shiga huhu, asibiti za a nufa kai tsaye.

Dokar hana aro ita ta fi wuya. A unguwa irin wannan, mace ta aiko yaro aron jarka a ce babu abu ne mai nauyin faɗi, uwargida kuma ta sha jin maganganu a kansa. Mafitar da ta samo ita ce ta ajiye wata tsohuwar jarka a zaure musamman domin aro, wadda ba ta shiga ɗakin mai ko da an dawo da ita.

Oktoban 2024 zuwa ranin 2025

A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka sake shiga duhu na fiye da mako guda sakamakon lalacewar manyan layukan wuta, a lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000. Yanayin ya yi kama da na watan Mayu: sayen mai cikin gaggawa, zuba shi cikin dare, aiken yara. Ba a sami kuskure ko ɗaya a cikin gida ba. Fentin jarkar ƙarfe ya ɗan kankare a gefuna aka sake shafawa, igiyar murfi ɗaya ta tsinke aka sauya ta da waya. Tsohuwa ta karɓi fitila mai cajin hasken rana daga hannun jikar da ta ƙone, abin da ta ƙi karɓa daga hannun ɗanta, amfani da kananzir ya ragu sosai.

An sami tangarɗa guda a gona cikin Janairun 2025. Fetur ya ƙare ana tsakiyar ban-ruwa, ɗan ƙwadago ya aro jarka daga maƙwabcin gona ya sayo a bakin hanya, jarkar kuwa da sauran ruwa a gindinta. Injin ya yi ta katsewa har sai da aka tsiyaye kafireto.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Matakai biyun farko sun faɗi ne saboda an ɗora alamar a kan abin da ba ya dawwama: tawadar da mai ke narkarwa, da murfin da ke sauka ya hau wata jarka. Sun kuma ɗauka cewa mai ɗauko man zai gani, zai karanta, yana da lokaci. A gidan kuwa mafi yawan masu shiga siton yara ne da mata da almajiri, kuma sun fi shiga da asuba ko bayan magariba, lokacin da babu wuta, domin rashin wutar ne ma yake kai su can. Alamar da za ta yi amfani dole ta yi aiki ga wanda ya fi kowa ƙarancin karatu a lokacin da ya fi kowane duhu.

A ganina, cikin duk abin da aka yi a watan Yuni, abin da ya fi nauyi shi ne ɗaure kowace jarka ga mai guda har ƙarshen rayuwarta. Gobarar Mayu ba daga cikakkiyar jarka ta fito ba, daga wadda ake ganin babu komai a cikinta ta fito, kuma babu rubutun da zai hana a ɗauki jarkar da ta ƙare a sayo wani abu da ita muddin dukansu iri ɗaya ne. Bambancin girma da siffa shi ya sa hakan ya zama abin da ido da hannu za su ƙi tun kafin a yi tunani. Raba wuraren ajiya ya biyo baya a muhimmanci: tun da gas ya koma shago, kuskuren Disamba ba shi da hanyar sake faruwa, tun da kananzir ya bar ɗakin fetur, mai neman man fitila ba shi da dalilin buɗe wannan ƙofa. Allunan alminiyam sun yi kyau, amma su ne mafi ƙarancin tasiri, amfaninsu ya fi yawa ga baƙo da mai bayar da mai a gidan mai.

Akwai abin da tsarin bai kai gare shi ba. Ba ya kare gidan daga kananzir da aka riga aka gurɓata tun a wurin mai sayarwa, abin da kawai aka iya yi shi ne daina saye a kwalba a bakin titi. Bai kuma bi maigida zuwa gona ba, inda 'yan ƙwadago ke sauyawa kuma jarkar aro ita ce mafi kusa idan mai ya yanke. Maigida ya sayi jarkar ƙarfe ta biyu da jan fenti da allonta domin ta zauna a Dadin Kowa, a hannun mutum ɗaya da zai riƙa kula da injin daga dashe har girbi.